Zauren Kawu: Makon Gidajen Abinci na New York

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da watan Yuli ya kama, wasiƙun da ke zuwa mini daga 'yan uwa mazauna Amurka suka karkata wuri guda, wato makon rangwamen gidajen abinci na birnin New York, wanda masu shi ke kira NYC Restaurant Week. Ga waɗanda ba su san ni ba, daga 1998 har zuwa watan Maris na 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe wuraren cin abinci, a gidajen abincin Manhattan na nemi halalina. Na fara da wanke-wanke, na koma kwashe kwanuka, daga baya na zama mai sabis a gaba. Abin da zan faɗa muku daga can na ɗebo shi.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni da maigidana shekararmu huɗu a Bronx. Shi tasi yake tuƙawa, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A watan Agusta za mu cika shekara biyar da aure, kuma tun da muka zo ƙasar nan ba mu taɓa zama mun ci abinci a wani babban wuri ba, sai dai mu sayo mu kawo gida. Na ga talla a cikin jirgin ƙasa cewa manyan gidajen abinci za su yi rangwame, dala 30 ko 45 ko 60. Maigida ya ce tarko ne, kuma ba don irinmu aka yi ba. Da gaske akwai sauƙi a ciki? In akwai, ta ina zan fara?
'Yarka daga Bronx

AMSA: 'Yata, Allah ya albarkaci zamanku, ya ƙara danƙon ƙauna. Ki gaishe mini da maigida, ki ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Akwai tarko, kuma zan nuna miki inda ake ɗana shi. Amma cewa ba don irinku aka yi ba, wannan kam ban yarda ba.

Sanin asalin abin zai cire miki kwarjininsa. A watan Yulin 1992 jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a Madison Square Garden, taron da ya tsayar da Bill Clinton takarar shugaban ƙasa. Wakilai da 'yan jarida suka cika gari. Sai Tim Zagat, wanda ya yi suna wajen tantance gidajen abinci, da Joe Baum, gogaggen mai gidajen abinci, suka kawo shawarar a yi wa baƙin nan abincin rana a kan dala 19.92, wato lambar shekarar. Gidajen da suka shiga ba su kai ɗari ba. Baƙi suka watse, 'yan gari suka riƙe abin, suka ƙi saki. Yau hukumar yawon buɗe ido ta birnin ce ke shirya shi sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar sanyi wajen Janairu zuwa Fabrairu, ɗaya a tsakiyar zafi, daidai lokacin da damina ta kankama a gida. A shekarun nan gidajen da ke shiga sun haura 600, a duka sassa biyar na birnin. Sunan "mako" ne kawai ya rage, don abin yakan kai wata guda. A 2024 an fara ranar 22 ga Yuli, a 2025 kuma ranar 21 ga Yuli, duka ranar Litinin.

Me ya sa a waɗannan watanni? Saboda su ne watannin da kasuwa ke mutuwa. A ƙarshen Yuli da Agusta masu kuɗin Manhattan sukan gudu bakin teku su bar wa talaka zafi, 'yan ofis su tafi hutu. Na sha tsayawa ranar Talata da rana a ɗaki mai kujeru 90 ina kallon mutum goma sha biyu. Haya ba ta tsayawa, albashin kuku ba ya tsayawa. To kin ga ba sadaka mai gida yake yi miki ba. Yana buƙatar ki zauna a kujerar nan kamar yadda kike sha'awar zama a kanta. Ciniki ne, ki shiga da ƙafarki a miƙe.

Yanzu ga tarkon. Ba kowane gida da ya shiga tsarin ne yake yin rangwame na gaskiya ba. Yadda abin yake, ana ba ki abinci kashi biyu da rana, kashi uku da dare: wani ɗan abu na share fage kamar miya ko ganye, sai babban abinci, sai kayan zaƙi. A kowane kashi za a ba ki zaɓi uku ko huɗu. Wani gidan babban abincinsa a ranar da ba rangwame dala 24 ne. In kin je haka kawai, shi za ki ci ki ƙoshi ki tashi. Amma a wannan makon sai a ɗora miki ganye da ɗan yankan kek, a ce 45. An sa ki sayi abin da ba ki yi niyya ba, an kuma sa ki yi godiya.

Gwajin da nake yi ba ya ɗaukar minti goma. A shafin intanet na hukumar akwai jerin gidajen, za ki iya tace su da unguwa ko da irin girki, kuma da yawansu sun sa takardar abincin da za su ba da a makon. Ki buɗe ta. Sannan ki buɗe takardar abincinsu ta kullum a shafinsu. Ki duba abu biyu. Na farko, abincin da suka sa a rangwamen, yana cikin wanda suke sayarwa kullum? In yana ciki, gidan yana so ki ɗanɗani ainihin hannun kukunsa don ki dawo. In kuwa kin ga wata kaza da wata taliya da babu su a takardar kullum, an ƙirƙiro su ne don makon, kuma na san yadda ake yin su: da asuba ake dafawa a manyan farantan ƙarfe, a jera a firji, in an yi oda a ɗumama. Na biyu, ki haɗa farashin kashi ukun ɗaya bayan ɗaya. In jimillar ba ta ɗara farashin rangwamen da aƙalla dala 15 ba, ki wuce.

A ra'ayina ribar makon nan tana wuri ɗaya ne: abincin rana a gida mai tsada. Gidan da a daren Asabar mutum ɗaya ba ya tashi ƙasa da dala 120, da rana a wannan makon sai ki same shi a 45, wani sa'in ma 30. Ɗaki ɗaya ne, kuku ɗaya, farin ƙyallen teburi ɗaya. Da rana kuma ba a cika shan giya ba, ba hayaniya, masu sabis ba su gaji ba tukuna. Da ku je wurare uku masu matsakaicin farashi, gara ku tara kuɗin ku je ɗaya wanda ba za ku iya shiga a wani lokaci ba. Na san maigida zai ce yinin aiki ne zai tafi. Ki tuna masa cewa tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana ba lokacin fasinja ba ne sosai.

Ranar Asabar ba ta cikin tsarin, Lahadi kuma ya danganta da gidan. Talata ko Laraba na fi so. Mako na biyu ya fi na farko, domin a kwanakin farko kicin bai gama daidaita hannu ba, a na ƙarshe kuwa kowa ya jigata. Akan buɗe kama teburi mako ɗaya ko biyu kafin a fara, ta manhajar OpenTable ko Resy ko ta waya, kuma wurare masu kyau ba sa kwana. In kin ga an cika, kada ki karaya, ki sake dubawa ana gobe, mutane suna sokewa. A wurin da ake rubuta saƙo ki sa cewa cikar shekarun aurenku ne. Gidaje da yawa za su ba ku teburi mai kyau, wasu har su rubuta gaisuwa da cakulan a bakin farantin kayan zaƙi.

In kun zauna, ki nemi takardar rangwamen da bakinki, don wasu ba sa miƙowa sai an tambaya. Ki lura da ƙananan rubutu a gefen wani abinci, musamman naman sa, inda za a sa ƙarin dala 10 ko 15. Kuma in an tambaye ku wane irin ruwa za ku sha, ki ce na famfo. Kyauta ne, daga tsaunukan Catskill ake jawo mafi yawansa, kuma ni dai ban taɓa shan na kwalba da ya fi shi ba. Sauran lissafin kuɗi ki duba amsar da na ba Alhaji a ƙasa.

TAMBAYA: Kawu, ina karatun digiri na biyu a nan, daga Kano na zo. Abokan karatuna suna so mu je ɗaya daga cikin gidajen nan. Damuwata halal da haram. Na ce zan ci kifi ko ganye kawai, shi ke nan na tsira?
Ɗalibi daga Harlem

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Kifi da ganye hanya ce mai kyau, ita nake bi, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Naman alade da giya a girkin Turawa ba a gaba suke tsayawa ba, ɓuya suke yi.

Ɗauki shinkafar Italiya da ake kira risotto. A takarda za ka ga an rubuta shinkafa da naman kaza, wato laimar kwaɗi, ba nama ba komai. Na tsaya a bayan kuku ina kallo ba sau ɗaya ba: ya narka man shanu, ya soya albasa, ya zuba shinkafa ya juya har ta fara sheƙi, sai ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar farar giya ya kwarara, tururi ya tashi fuu. Haka ake yin ta. Za a ce maka ai wuta ta ƙone giyar, alhali ba duka take ƙonewa ba. Miyar da ake malalawa a kan kifi ma sau da yawa da farar giya aka ɗaure ta. Kifin da aka tsoma a ƙullu aka soya, wani ƙullun da giyar biya aka dama shi. A girkin Japan akwai mirin da sake, wato giyar shinkafa, a cikin miyoyi masu zaƙi-zaƙi, romon taliyarsu da ake kira tonkotsu kuwa ƙashin alade ne zalla.

Alade kuma sunaye gare shi da yawa. In ka ga prosciutto, pancetta, guanciale, lardons, chorizo ko bacon, duk shi ne. Taliyar carbonara da shi ake yi. Farar miyar nan mai kauri da ake kira chowder yawanci da shi ake fara suyarta. Ana barbaɗa shi a kan ganye, ana dafa wake da kitsensa. A kayan zaƙi, tiramisu yakan zo da giya, panna cotta kuma da jelatin ake daskarar da ita, wanda galibinsa daga fatar alade ake samowa. In akwai ƙanƙarar 'ya'yan itace a cikin zaɓin, ta fi kwanciyar hankali, ita ma ka tambaya.

Ga abin da ya sa wannan makon ya fi wahala: tun da safe ake haɗa miyoyi da yawa a babbar tukunya, ba yadda za a cire abin da ya riga ya shiga. Abin da za a iya canja maka shi ne wanda ake gasawa nan take. Saboda haka ka nemi gasasshen kifi, ka ce a bar miyar, a sa man zaitun da lemun tsami. Kowane kuku na kirki zai yi wannan ba tare da ɓata rai ba, kuma in kifin sabo ne ba ka yi asarar komai ba.

Mafi kyau ka buga waya ana gobe, tsakanin ƙarfe uku da huɗu da rabi na yamma, lokacin da kicin ya lafa. Kada ka tambaya ko abincin halal ne, domin wanda ya ɗauki wayar zai iya cewa e don ya ga ba alade a ciki. Ka tambaya dalla-dalla: akwai alade ko kitsensa? Akwai giya a miya? Da wane romo aka dafa? Roƙona gare ka, kada ka ce jikinka ne ba ya so in ba haka ba ne. Da zarar an ce abinci na iya yi wa mutum illa, sai a tsayar da aiki, a canja wuƙa da katako da kasko, ana tsoron kada rai ya salwanta. Ka ce addininka ne ya hana. A New York sun saba da wannan, Yahudawa da Hindu da Musulmi kullum suna faɗa.

Batun naman sa da kaza da ba yankan Musulmi ba, malamai sun yi saɓani, wasu suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, wasu suna cewa yankan inji na zamani bai shiga ciki ba. Haka ma zama a teburin da abokanka za su sha giya, akwai hadisi da ya yi hani a kai. Waɗannan biyu ka kai su gaban malaminka kafin ka amsa gayyatar. In kuma kai ne za ka zaɓi wurin, ka duba gidajen Turkiyya, Labanan, Iran da Indiya da ke cikin jerin, don a cikinsu aka fi samun masu sayen naman halal, ko da yake wasunsu suna sayar da giya.

Sai salla. A ƙarshen Yuli Magariba tana kaiwa wajen takwas da kwata. In ka yi La'asar ka zauna ƙarfe shida saura, za ka gama ka fito rana ba ta faɗi ba. Ranar Juma'a da rana kuwa kada ka kama teburi.

TAMBAYA: Malam, ni na riga na je, kuma raina ya ɓaci. An ce dala 45. Na je da iyalina da dala 90 a lissafi, na tashi da kashe kusan 128. Kwalbar ruwa ɗaya dala 9, ga haraji, ga wani layi na tukwici kashi 20 cikin 100. Tukwici ai ganin dama ne, a gida ba a tilasta shi. Ba cuta ba ce wannan?
Alhaji, direba daga Brooklyn

AMSA: Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Lissafinka daidai ne, bari in warware shi don masu karatu. Abinci 90, ruwa 9, ya zama 99. Harajin saye a birnin New York kashi 8.875 cikin 100 ne, ya kama dala 8.79. Tukwici dala 19.80. Jimilla 127.59. A cikin wannan duka, dala 9 ta ruwa ce kawai aka ci da kai, kuma ina jin haushinta tare da kai, don na san ana koya wa masu sabis su yi tambayar ruwan ta yadda baƙo zai ji kunyar cewa na famfo. Farashin da ake tallatawa bai haɗa da abin sha da haraji da tukwici ba. Duk mai zuwa ya sa a ransa cewa 30 tana nufin kusan 39, 45 tana nufin 58, 60 kuma 77 da 'yan kai, ga kowane mutum ɗaya.

Amma a kan tukwici, Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan goya maka baya ba. Sunan ne ya ruɗe mu. A gida tukwici kyauta ce da kake ba wanda ya kawo maka albishir ko saƙo. A nan wani yanki ne na albashi. A 2025 mafi ƙarancin albashi a birnin dala 16.50 ne a awa, amma doka ta yarda mai gidan abinci ya biya mai sabis dala 11, a kan cewa sauran zai fito daga hannun masu ci. Kuma ba aljihun mutum ɗaya yake shiga ba. A ƙarshen dare ana rabawa da mai ɗauko abinci daga kicin da mai kwashe kwanuka da mai zuba ruwa. Ka dubi fuskokinsu in ka sake zuwa: 'yan Gini, 'yan Mali, 'yan Senegal, 'yan Bangaladash, 'yan Mekziko. A wannan makon aikinsu yana ninkuwa, teburi ɗaya sai a juya shi sau uku ko huɗu, kuɗin da ke kan kowane bil kuma ya ragu.

Wani dare mutum biyar suka zauna a sashena, ina zuba musu ruwa sai na ji Hausa. Gabana ya faɗi don murna. Na yi musu sallama, muka gaisa, na je kicin sau uku ina tantance musu abin da ba alade, na roƙi kuku ya sake gasa wa ɗayansu kifi. Bil ɗinsu ya haura dala 200. Da suka tafi na buɗe jakar bil ɗin, tukwicin dala 3 ne a ciki. Yaron da ke kwashe mini kwanuka, ɗan Gini, ya leƙo ya gani, ya ce da ni a hankali, "Ba 'yan uwanka ba ne?" Na san ba mugunta suka yi ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. Shi ya sa nake faɗa a nan. Kai ma direba ne, ka san yadda kake ji in ka ɗauki akwatuna huɗu daga filin jirgi aka sauka ba ko sisi.

Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka kuɗin harajin sau biyu, zai ba ka kusan kashi 18, ka ɗan cika. Ka yi lissafi a kan kuɗin abinci kafin haraji. Kuma ka duba ko an riga an sa tukwicin a cikin bil, kada ka biya sau biyu.

TAMBAYA: Kawu, mu goma ne 'yan adashi, muna so mu je tare ranar kwasa. Zai yiwu?
Uwar adashi daga Bronx

AMSA: Hajiya, zai yiwu, amma da waya za ki shirya, manhaja ba ta cika ba da teburin da ya wuce mutum shida ko takwas ba. Ki tambaya ko rangwamen ya shafi taro mai yawa haka, don wasu gidajen suna cirewa. Ki sani za su sa tukwici a cikin bil da kansu, za su kuma riƙe lambar katinki, duk wadda ba ta zo ba ana iya cirar tara a kanta. Babban abin da nake jiye muku shi ne lokaci. Yawancin gidaje minti 15 suke jira, kuma ba sa zaunar da ku sai kun cika. Ku haɗu a tashar jirgi ku tafi tare. Kuɗin ma ki tara a hannunki tun daga gida a biya da kati ɗaya.

TAMBAYA: Mu da ke Houston fa, akwai irin wannan?
Ƙaninka daga Texas

AMSA: Akwai, naku ma ya fi tsawo. Houston Restaurant Weeks yana farawa 1 ga Agusta har zuwa hutun ranar ma'aikata a farkon Satumba, kuma daga kowane abinci da aka saya ana ware wani abu a ba rumbun ciyar da mabuƙata na Houston Food Bank. Marigayiya Cleverley Stone ce ta kafa shi a 2003. Washington da Boston suna yin nasu a watan Agusta, Toronto kuma a Yuli da sunan Summerlicious. Gwajin da na ba 'yata ta Bronx yana aiki a ko'ina.

TAMBAYA: Kawu, ina wanke-wanke a wani gidan abinci a Manhattan shekara uku ke nan. Mahaifiyata ta zo daga Maradi ganin jika, za ta koma a Satumba. Ina so in kai ta irin wurin da nake aiki ta zauna a kawo mata. Amma ba ta jin Turanci, ba ta saba da cokali mai yatsu da wuƙa ba, kuma ina tsoron a riƙa kallonta. Ko in haƙura in kai ta wajen masu tuwo?
Ɗanka mai wanke-wanke

AMSA: Ɗana, ka kai ta wajen masu tuwo wata rana, amma wannan ma ka kai ta. Wasiƙarka na karanta sau uku.

A 2006 na fara zama a teburi irin wanda nake yi wa hidima, bayan shekara takwas ina aikin. Abincin rana a makon rangwame dala 24.07 ne a lokacin. Na ɗauki maiɗakina muka je wani gida da ba nawa ba, ranar Talata. Na san ɗaki irin wannan ciki da bai, na san teburin da ke girgiɗi sai an cusa masa takarda a ƙafa, na san inda ake ɓoye tsumma. Amma da na zauna na ɗaga kai, sai na ga rufin ɗakin zane ne da shi, da fitilu kamar furanni. Mai ɗauke da faranti ƙasa yake kallo. Hannuna ya riƙa kai wa ga kwanon da muka gama da shi zai tattara, maiɗakina ta dafa shi ta ce, "Bari, yau ba kai ba ne." Yaron da ya zo kwashewa ɗan Mali ne. Ya dubi hulata, ya dubi hannuwana, ya gane. Bai ce komai ba, sai ya dawo da ƙarin burodi mai zafi.

Kada ka kai ta inda kake aiki. Gidaje da yawa sai da izinin manaja, kuma hankalinka zai tafi kicin. Ka zaɓi wani, da rana, kusa da tashar jirgi mai lif saboda gwiwarta, don matakalar ƙarƙashin ƙasa a zafin Agusta ba ta tsoho ba ce. In kana kama teburin ka ce kana tare da dattijuwa, a ba ku gefe, nesa da wurin masu shan giya, kuma in kun zauna ka ce a kwashe kofunan giya daga teburin, nan take za a yi.

Ta sa atamfarta ko leshinta mafi kyau da mayafi. Dokar sutura a gidajen nan gajeren wando da silifa da hular ƙwallo take hanawa, shigarmu ta wuce abin da suke nema. In an kalle ta, kayan ake kallo. Ta riƙe mayafi mai kauri, na'urar sanyinsu tana da ƙarfi. Kai ma ka sa kaftani.

Cokali mai yatsu ba farilla ba ne. Ka nemi cokali na sosai a kawo mata, ka zaɓa mata kifi marar ƙaya da dankali ko shinkafa, abin da ba ya buƙatar wuƙa. Burodi da hannu kowa yake ci. Abincinsu zai yi mata salam, saboda haka ka nemi dakakken jan barkono, babu kicin da ba shi da shi. In ba ta cinye ba ka ce a ɗaure muku, masu kuɗin ma haka suke yi. Kai ka fi ni sanin abin da ke shiga tukunya, ka tantance mata kamar yadda na gaya wa ɗalibin nan. In bil ya zo kada ka bari ta ga lambar, za ta mayar da ita sefa ta ce an yi ɓarna, daɗin ya tafi.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce Allah ya raya jika. In kun dawo ka rubuto ka gaya mini abin da ta ce game da miyarsu.